Wa Ya Raɗa? Tankaɗe da Rairayar Sunaye a Hanyar Kafanchan

Motar haya muka hau daga Kaduna. Mun baro Kachia, rana ta fara sunkuyawa, ƙanshin busasshiyar citta yana shigowa ta tagar da ta ƙi rufuwa. Kusa da ni akwai wata dattijuwa da jakar leda a kan cinya, tun daga Kujama muke hira kan tsadar taki da ciwon gwiwa. Da na tambaye ta inda za ta sauka, ta ce Zonkwa. Sai na ce, don a san ni ma na san gari, "Ashe Mama Kaje ce." Ba ta ɓata rai ba. Ta dai gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce, "Bajju, ɗana. Kaje ku ne kuka ce."

Ta sauka a Zonkwa ta bar ni da wannan "ku" ɗin. Ni dai ban halarci raɗin sunan ba, mahaifina ma bai ci naman ragon ba. Na tashi na ji ana cewa Kaje kamar yadda na ji ana cewa gero da dawa, ban taɓa kawo wa raina cewa kalma ce da wani ya ɗora wa wani ba. Ga shi mai sunan ta ce ba nata ba ne. Kuma da Hausa ta faɗa mini, Hausar da ba ta da gargada ko ɗaya.

Daga nan har Kafanchan allunan bakin hanya suka zame mini karatu. Wanda muke kira Kataf, Atyap yake kiran kansa. Jaba su ne Ham. Kagoro Agworok ne, Marwa Asholio, Kadara Adara, Kaninkon Nikyob. Ita kanta Kafanchan, harshenmu ne ya murɗa sunan Fantswam, mutanen da aka tarar a wurin, har ya koma haka. Sai kuma garuruwan: Fadan Kagoro, Fadan Kagoma, Fadan Karshi, Samarun Kataf, Gidan Waya, Zangon Kataf. Rabin kowane suna namu ne. Fada tana nuna akwai sarki, ko an so a yi shi. Gidan waya aikin Bature ne da bakin Bahaushe. Zango kuwa, zan dawo kansa, domin a kan wannan kalma an zubar da jini.

Masu ilmin zamani suna da suna ga irin wannan kallo da ya kama ni a mota. Wata cibiyar nazarin al'umma ce aka kafa a birnin Frankfurt na Jamus a 1923, inda su Max Horkheimer da Theodor Adorno suka yi aiki. Mafi yawansu Yahudawa ne, kuma da Hitler ya hau mulki a 1933 sai suka tsere, cibiyar ta yi ƙaura har Amurka. Mutane ne da suka ga abin da laƙabi yake iya jawo wa mai shi. A 1937 Horkheimer ya rubuta maƙalar da ta raba nazari gida biyu. Akwai nazarin da yake kwatanta duniya yadda ya same ta, ya ƙirga, ya jera, ya ce ga yadda abin yake. Akwai kuma wanda yake tambaya: yaya aka yi ya zama haka, wa ya ci moriyar zamansa haka, kuma dole ne ya ci gaba da zama haka? Wannan na biyun shi ne nasu.

Na daɗe ina neman yadda za a kira shi da Hausa. In aka ce "ra'in suka", an ɓata shi tun daga ƙofa, domin suka a wurinmu da mashi ake yin ta, kuma mai suka ba ya neman gaskiya, neman jini yake yi. Malaman adabi a jami'o'inmu suna cewa "tarke", kalma mai kyau, sai dai ba ta fita daga aji ba. Asalin kalmar da Turawa suke kiransa da ita daga Girkanci take, ma'anarta rarrabewa, ware wannan daga wancan. To, ai wannan aikin mata ne a tsakar gida: tankaɗe da rairaya. A kaɗa faifai, tsaki ya koma gefe, gari ya koma gefe. A juya ƙwarya cikin ruwa, tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Mai rairaya ba ta gaba da shinkafa. So take a ci ba a fasa haƙori ba.

Bari mu rairaye kalmomi uku ko huɗu da muke tauna kullum.

Ta farko "yare". Bahaushe yana da harshe, Balarabe yana da harshe, Bature ma haka. Amma in mutumin Kwoi ya juya ya yi wa ɗan'uwansa magana da Hyam, sai mu ce "sun koma yare". Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci, ba dokar da ta ce Tyap da Jju yare ne, Hausa harshe. Amma duk yaron da ya tashi a Kano ko Zariya ya san matakalar, ya san wa ke sama. Haka "ƙabila". Aro muka yi daga Larabci, inda Ƙuraishawa ma ƙabila ne, dangin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Da ta shigo bakinmu sai ta zama ta wasu: "wani ƙabila ne ya kama hayar ɗakin", "ta auri ƙabila". Mu ba ƙabila ba ne ke nan, mu ne ma'aunin da ake auna saura. Sai "gwaranci", maganar da ba ta fita daidai, wadda muke jingina wa jariri mai koyon magana. Sunan al'umma guda ne, Gbagyi, waɗanda muka kira Gwari, muka mayar da shi sunan kuskure. Ta huɗun ita ce mai nauyi, "arne". A da kalmar tana hawa kan Bahaushen da bai musulunta ba, kamar Maguzawa da Aznan ƙasar Nijar. Yau ana jefa ta ga mutumin da ya fi mai jifan yawan ambaton Allah, wanda sunansa Yakubu ko Ishaku, matarsa Alheri, 'yarsa Godiya.

Antonio Gramsci, ɗan Italiyan da Mussolini ya ɗaure a 1926, ya cika littattafan rubutu a kurkuku yana bin diddigin wannan al'amari. Abin da ya gano shi ne, mulkin da ya fi daɗewa ba ya dogara da bulala kaɗai. Yana shiga cikin abin da kowa ya ɗauka "ai haka abin yake", har wanda ke ƙasa ya riƙa auna kansa da mudun wanda ke sama. Na taɓa jin wani saurayi a tashar Kafanchan yana ba abokinsa haƙuri da cewa, "Ka san ni ba na jin yarenmu sosai." Yarenmu. Da bakinsa ya faɗa, da kalmarmu.

Ba mu kaɗai muka yi raɗin ba. Wani hafsan Ingila, A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a wannan yanki, ya buga littafi a 1912 ya sa masa suna da ke nufin mafarautan kawunan mutane masu wutsiya. Mutanen Kagoro da maƙwabtansu yake nufi, wutsiyar kuwa ado ce da mata ke ɗaurawa a baya. Shekara guda bayan haka shi ɗin ne ya fitar da littafi kan al'adu da camfe-camfen Hausawa. A ma'aunin Bature akwai hawa uku: shi a sama, masarautun Musulmi masu alƙali da haraji da rubutun ajami a tsakiya, sai waɗanda takardun gwamnati suka kira arna a ƙasa. Edward Said, Bafalasɗinen da ya rubuta Orientalism a 1978, ya nuna yadda irin wannan rubutu yake share wa mulki hanya: ka fara kwatanta mutum a matsayin wanda bai iya riƙe kansa ba, sannan ka kawo mai riƙe shi. Haka aka yi. Aka ɗora hakiman Zazzau a kan gundumomi irin su Zangon Kataf da Kachia da Kauru, su karɓi haraji, su tara mutanen aikin tilas, alƙali ya yi shari'a da dokar da mutanen ba su san ta ba. Kagoro da Jaba da Marwa ne suka tsira da sarakunansu. Masanin tarihi Moses Ochonu ya kira wannan tsari mulkin mallaka ta hannun wakili, a littafinsa na 2014.

Kafin Bature ma akwai tarihi, kuma ba mai daɗin ji ba ne. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19 a Jama'ar Darroro, tana ƙarƙashin Zazzau, kuma cikin gaisuwar da take aikawa akwai bayi. Daga ina aka kamo su? Tsofaffin da ke gindin duwatsun Kagoro suna da amsa. Da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a Kafanchan wajajen 1927, garin ya cika da Ibo da Yarbawa da Hausawa ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, sai aka taso da fadar Sarkin Jama'a zuwa nan a 1933. Yankin gaba ɗaya kuwa aka riƙa ce masa Kudancin Zariya, wato ba shi da suna sai an tsaya a ƙofar fadar wani an nuna shi da yatsa. Komawar da aka yi zuwa "Kudancin Kaduna" ba canjin adireshi kawai ba ce. Haka ƙirƙiro masarautun Atyap da Bajju a 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, da ƙarin waɗanda gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta yi bayan dawowar mulkin farar hula: Agwatyap, Agwam Bajju, kowa da sarautar da ake furtawa da harshen gida.

In da a nan maganar ta tsaya, da ta yi sauƙi: ga mai danniya, ga wanda aka danne, a tafa a watse. Sai dai faifai ba ya zaɓen hatsin da zai tankaɗe.

Shiga kowace majami'ar ECWA a Kagoro ko Kwoi ranar Lahadi ka saurara. Da Hausa ake wa'azi, da Hausa matan zumunta ke rera waƙa suna kaɗa tulu da shantu. 'Yan mishan na SIM da suka zauna a Kwoi tun 1910 sun ga harsuna sun yi musu yawa, sai suka ɗauki Hausa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Saboda haka harshen da ake cewa na hakimi ne da alƙali, fasto ne ya kai shi lungunan da dogarin hakimi bai taɓa takawa ba. Da shi Bajju yake ciniki da Ham, da shi Atyap yake neman auren Agworok in harshe ya ƙi haɗuwa, da shi ma ake taron ƙorafi a kan Hausawa. Wa ke da Hausar Kafanchan yanzu? Wanda ya ce ta Bakano ce aka ara, bai saurare ta da kyau ba. Ta yi nata kari, ta yi nata salo, kuma dattijuwar nan ta Zonkwa ba aro take yi ba.

Yanzu zango. A Hausa zango wurin da ayari ke sauke kaya ne, a kwana, a shayar da jakuna, gari ya waye a ɗaura. Garin Zangon Kataf tsohuwar matattarar fatake ce, Hausawa sun zauna a cikinsa tun kafin zuwan Bature, kakanni sun haifi kakanni. Amma kalmar tana ɗauke da tashi a cikinta. Wanda ya so, sai ya karanta sunan ya ce: ai ku da bakinku kun ce zango ne, yaushe za ku ɗaura? Wancan kuma ya ce: mu muka kafa garin, da sunanmu ake kiransa. A watan Fabrairun 1992 rigima ta tashi kan mayar da kasuwar garin wani sabon wuri, a watan Mayu ta dawo da muni, aka kashe ɗaruruwan mutane, wutar ta tsallaka zuwa Kaduna da Zariya. Kotun musamman ta Mai Shari'a Okadigbo ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Har yau in ka ji yadda mutum ya ba da labarin nan, ka san a wace unguwa ya kwana.

Nan ne kalmomin "ɗan ƙasa" da "baƙo" suke shigowa, kuma su ma suna buƙatar rairaya kamar "yare" da "arne". Mahmood Mamdani na Uganda ya nuna cewa raba mutane zuwa 'yan asali da 'yan zuwa dabara ce ta mulkin mallaka, wadda ta ɗaure haƙƙin mutum da ƙabilarsa da kuma ƙasar da aka rubuta wa ƙabilar. Mun kori Bature mun riƙe rajistarsa. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake yawan nema wajen neman gurbin karatu ko aikin gwamnati, jikar wannan rajista ce. Bahaushen da aka binne kakan kakansa a Jama'a, in ka ce masa baƙo, ina zai koma? Bafulatanin da aka haifa a rugar da ke bayan Godogodo fa? Baƙo a al'adarmu raɓa ne, ana karrama shi domin zai tafi. Kiran mutum baƙo a garin da aka yanke masa cibiya, sallama ce ake yi masa a fakaice. Wanda ya ji zafin a ce masa arne ya kamata ya fi kowa gane wannan, kamar yadda wanda ya ji zafin "baƙo" ya kamata ya daina cewa "ƙabila". Laifi tudu ne.

Manyan masu wannan kallo a ƙasarmu ma ba su ga abu ɗaya ba. Bayan rikicin da ya faro a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafinsa kan yadda ake wasa da addini a Nijeriya. A ganinsa masu kuɗi da masu mulki ne, na masallaci da na coci, suke kaɗa gangar addini don kada talaka ya waiga ya ga wanda ke cin tuwonsa. Matthew Hassan Kukah, ɗan Anchuna a ƙasar Zangon Kataf, wanda yanzu shi ne Bishop na Sakkwato, ya fitar da nasa a 1993, inda ya bi sawun yadda masu sarautar Arewa suka yi amfani da addini wajen riƙe iko a kan waɗanda ba nasu ba. Ɗaya ya ga aji, ɗaya ya ga gadon sarauta. Ni a ganina kowannensu ya kama ƙafa ɗaya ta dabbar. Bala Usman ya yi gaskiya cewa ana wasa da mutane, amma ba a kunna wuta sai da busasshiyar ciyawa, kuma ciyawar Kudancin Kaduna ta daɗe da bushewa. Kukah ya yi gaskiya kan danniyar, sai dai mai dakon citta Bahaushe a kasuwar Kafanchan bai taɓa zama hakimin kowa ba, kuma rumfarsa ta ƙone tare da ta maƙwabcinsa a rikicin watan Afrilun 2011.

Dubi ma yadda ake ba da labari in an kai hari a wani ƙauye a Kaura ko Zangon Kataf. Wata jarida ta ce "'yan bindiga", wata ta ce "makiyaya". Wannan ya ce "ramuwar gayya", wancan ya ce "kisan ƙare dangi". Sanarwar hukuma ta ce "rikici tsakanin al'ummomi", kalmar da ke raba laifi biyu daidai tun ba a yi bincike ba. Gawa ɗaya ce, amma kowace kalma ta riga ta yanke hukunci, ta nuna wanda za a yi wa ta'aziyya da wanda za a nema. Mai sauraron rediyo da ya saba tambayar kansa "wa ya zaɓi wannan kalma, me ta rufe?" ya fi wuyar ɗauka a zuba a mota a kai shi ƙona gidan wani.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan masu wannan ilmi, har da ni da nake rubutun nan. Mai tabarau yakan manta yana sanye da shi. Akwai ɗalibin da zai karanta shafi goma na Gramsci ya dawo gida yana ganin kowa a ruɗe yake sai shi, gaisuwa ma danniya ce, zumunci yaudara. Wannan ya bar rairaya ya koma suka. Sannan gyaran suna ba ya cika rumbu. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, gonaki suka ruɓe a ƙasa, manoma suka rasa iri da jari. Cutar ba ta tambayi kowa ko Ham ne shi ko Jaba ba. Tashar jirgin da ta haifi Kafanchan ta yi shiru shekara da shekaru, tsofaffin taragu suna tsatsa, kuma 'ya'yan Fantswam da na Jama'a tare suke zaman kashe wando a gefenta. Wanda ya tsaya kan kalmomi ya manta da wannan, ya tankaɗe gari ya bar tukunya babu wuta.

Duk da haka ban yarda a ce maganar suna ƙaramar magana ce ba. Mu ne muka ce suna linzami. Mu ne muke yanka rago a kansa, mace ta ƙi faɗin na mijinta, uwa ta sakaya na ɗan fari don kunya. Al'ummar da ta ɗauki suna da wannan nauyi ba ta da hujjar cewa "to mene ne a ciki?" in wani ya ce a kira shi da nasa. Su ma Atyap suna da sunan da suke kiranmu da shi, Akpat, kuma da a ce shi aka rubuta mana a takardun makaranta da taswira shekara ɗari, da mun san ko akwai wani abu a ciki. A ƙasar Ham ne ƙauyen Nok yake, inda aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin hannun da ya haura shekara 2000. Duniya ta san wannan suna tun kafin yawancinmu mu koyi cewa Ham.

Roƙona ga masu karanta labarai a gidajen rediyon Hausa, da malaman firamare, da marubuta littattafai da masu shirya fim: in kun zo kan waɗannan al'ummomi, ku ce Bajju, ku ce Atyap, ku ce Ham da Adara da Gbagyi, ku ce harshen Tyap, ku bar "yare". Ga 'yan'uwa na Zonkwa da Kagoro da Kwoi kuma, waɗanda na san da yawansu za su karanta wannan ba tare da tafinta ba, maƙwabcin nan da kuka yi firamare tare a Kafanchan, ku daina ce masa baƙo.